Rawar da Ɓargo Ke Takawa Wajen Gyaran Fatar Cikin Babban Hanji

Fatar da ta lulluɓe cikin babban hanjin ɗan Adam jeri ɗaya ce tak na ƙwayoyin halitta, kowace manne da 'yar uwarta. Wannan siririn jeri shi ya raba jinin mutum da dubban biliyoyin ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin hanjin, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 1.5. Idan fatar ta zaizaye, sai a ga gudawa da jini da majina, da murɗar ciki, da rama. Cutar atuni takan yi wannan ɓarna, haka ma tsargiyar hanji, da cututtukan kumburin hanji masu daɗewa, da maganin kansa mai ƙarfi.

A 'yan shekarun nan maganar "ƙwayoyin tushe" ta shiga bakin jama'a a Abuja da kewayenta. A Kubwa, kamar sauran manyan unguwannin da ke gefen birnin, ana yaɗa tallar wani gari cikin 'yan ƙunshi ta WhatsApp da Facebook, ana cewa yana ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi, yana kuma sabunta hanji da ƙoda da hanta. Maganar tana da tushe a kimiyya, domin an shafe fiye da shekara 20 ana bincike kan ko ƙwayoyin tushe na ɓargon ƙashi suna gyara hanji. Sai dai abin da binciken ya gano ya sha bamban da abin da ake talla.

Yadda hanji ke ɗinke kansa

Ƙwayar tushe ita ce ƙwayar halittar da za ta iya rabuwa ta haifi irinta, ta kuma haifi wasu ƙwayoyin da za su girma su kama wani aiki na musamman. Babban hanji yana da nasa. In aka duba fatar cikinsa da madubin likita, za a ga ta cika da miliyoyin ƙananan ramuka masu kama da rijiyoyi. A gindin kowace rijiya akwai 'yan ƙwayoyin tushe kaɗan. Suna rabuwa ba dare ba rana, 'ya'yansu na hawa bangon rijiyar suna zama masu tsotse ruwa da gishiri ko masu fitar da majina, har su kai baki su mutu su bi bayan gida. Cikin ƙasa da mako guda an sauya kusan dukkan fatar. Babu sassa da yawa a jiki da ke sabuntuwa da irin wannan hanzari.

An daɗe ana zaton akwai waɗannan ƙwayoyi kafin a iya nuna su. A 2007 ne Nick Barker da Hans Clevers, a Cibiyar Hubrecht da ke Utrecht a ƙasar Holan, suka gano wata alama mai suna Lgr5 da ake gane su da ita. Shekara biyu bayan haka Toshiro Sato, a ɗakin binciken nan dai, ya ɗauki ƙwaya guda ya raine ta a cikin kwano har ta zama ɗan ƙaramin hanji mai rijiyoyinsa. Wannan ya nuna cewa hanji na ɗauke da irin shukarsa.

Abin da ke cikin ɓargo

Ɓargo, wanda mai cin ƙashin miya ya sani sarai, masana'antar jini ce. A jikin baligi, ɓargon da ke aiki ya fi yawa a ƙashin ƙugu da na ƙirji da haƙarƙari da gadon baya. Yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa, ban da fararen ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta.

Iri biyu na ƙwayoyin tushe ke cikinsa, kuma cakuɗa su shi ne mafarin ruɗanin da ake samu. Na farko su ne masu haifar da jini, waɗanda James Till da Ernest McCulloch suka tabbatar da samuwarsu a Toronto ta Kanada a 1961. Su ake dasawa masu sikila da masu kansar jini. Na biyu su ne ƙwayoyin madogara, waɗanda ke gina shimfiɗar da masu haifar da jini ke zama a kai, suna kuma iya zama ƙashi ko guringuntsi ko kitse. Masanin Tarayyar Sobiyet Alexander Friedenstein ne ya fara bayyana su a shekarun 1960 da 1970, sannan Ba'amurke Arnold Caplan ya raɗa musu sunan mesenkaimal a 1991. Ba su da yawa: a cikin ƙwayoyin ɓargo 10,000 zuwa 100,000 da kyar a samu guda.

Muhawarar farkon ƙarni

A 2001 Diane Krause ta Jami'ar Yale da abokan aikinta suka ba da rahoton cewa sun dasa wa ɓera ƙwayar ɓargo guda ɗaya, daga baya suka ga zuriyarta a huhu da fata da hanji. Labarin ya girgiza masana, don kuwa in haka ne, ɓargo ya zama rumbun da kowane sashe na jiki ke ɗiba.

A shekara ta gaba Ryuichi Okamoto da Mamoru Watanabe a Tokyo suka bi wata dabara mai sauƙi. Sun duba naman hanjin matan da aka dasa musu ɓargon maza. Ƙwayar halittar namiji tana ɗauke da kiromosom Y, ta mace ba ta da shi, saboda haka duk ƙwayar da aka gani da Y a hanjin mace, daga ɓargon mai bayarwa ta fito. Sun same su a fatar hanjin, ƙalilan, kuma adadinsu ya ƙaru a wuraren da fatar ke warkewa daga rauni. A wannan shekarar dai Mairi Brittan da Nicholas Wright a Landan suka nuna cewa wasu daga cikin ƙwayoyin da ke kewaye da rijiyoyin hanji ta waje, masu riƙe su kamar yadda ake ɗaure bakin rijiya, daga ɓargo suke zuwa.

Ba a jima ba aka fara samun masu ja. Amy Wagers da Irving Weissman na Jami'ar Stanford sun sake gwajin ƙwaya guda a 2002, da alamar kore mai haske da ke bin zuriyar ƙwayar. Jinin ɓerayen ya cika da alamar, amma a hanji da ƙoda da tsoka ba ta taɓuka abin a zo a gani ba. Wasu masanan kuma suka gano cewa ƙwayar ɓargo na iya haɗewa da wata ƙwayar su zama ɗaya, ta yadda mai dubawa zai zaci ta rikiɗa ne alhali narkewa ta yi cikin maƙwabciyarta. A 2006 ɗakin binciken Melissa Wong a jihar Oregon ya nuna irin wannan haɗewa a hanjin ɓera bayan an ji masa rauni.

Inda aka tsaya a yau shi ne: ana samun ƙwayoyin asalin ɓargo a fatar hanji, amma ba su da yawan da za a ce su ke sake gina ta. Tubalin ginin daga gindin rijiyoyin yake fitowa. Akwai ma wani gargaɗi da ya fito daga wannan zamani wanda masu talla ba sa ambata. A 2004 JeanMarie Houghton da Timothy Wang suka ruwaito cewa a cikin ɓerayen da wata bakteriya ta daɗe tana kumbura musu tumbi, ƙwayoyin da suka zo daga ɓargo su ne suka zama tushen kansar tumbin. A ɓera aka gani, a tumbi kuma, amma ya isa ya nuna cewa zuwan ƙwayoyin ɓargo wurin rauni ba kullum yake zama alheri ba.

To, mene ne aikin ɓargo?

Aikinsa na da girma, sai dai ta bayan fage yake yinsa. Idan ƙwayoyin gindin rijiya su ne magina, ɓargo shi ke aiko da masu share wuri, da masu gadi, da masu kawo ruwa.

Mafi muhimmanci a cikinsu su ne fararen ƙwayoyin da ake kira makrofaj, masu haɗiye ƙwayoyin cuta da gawar ƙwayoyin da suka mutu. Bangon hanji na daga cikin wuraren da suka fi tara su a jiki. Binciken da Calum Bain da Allan Mowat suka yi a Jami'ar Glasgow, wanda ya fito a 2014, ya nuna cewa yawancin na hanjin babban ɓera ana sabunta su ne a kai a kai daga ƙwayoyin da ɓargo ke zubawa cikin jini. Kafin nan, a 2005, ɗakin binciken Thaddeus Stappenbeck a birnin St. Louis ya nuna cewa idan aka raunata babban hanjin ɓera, makrofaj sukan matso su manne da gindin rijiyoyi, kuma in babu su, ƙwayoyin rijiyar ba sa ƙara saurin rabuwa yadda rauni ke bukata. A 2015 ayarin Alan Hanash a New York ya nuna cewa wani sinadari mai suna IL-22, wanda wasu fararen ƙwayoyi ke fitarwa, yana zaburar da ƙwayoyin tushen hanji kai tsaye.

Su ma ƙwayoyin madogara ta wannan hanya suke aiki. Suna fitar da sinadaran da ke kwantar da kumburi, da masu sa sababbin hanyoyin jini su tsiro a ƙarƙashin gyambo. Abin mamaki shi ne idan aka ɗura su ta jijiya, yawancinsu a huhu suke maƙalewa, su mutu cikin 'yan kwanaki ba tare da sun isa hanji ba. Binciken Francesco Dazzi a Landan a 2017 ya nuna cewa mutuwar tasu ma na cikin maganin: makrofaj sukan haɗiye su, su kuma sauya hali daga masu hura wutar kumburi zuwa masu kashe ta. Shi kansa Caplan, a wannan shekarar, ya nemi a daina kiran su ƙwayoyin tushe, a kira su ƙwayoyi masu aika saƙon magani, saboda yadda ake fakewa da tsohon sunan ana yaudarar marasa lafiya. Ba kasafai masani ke neman a janye sunan da ya yi suna da shi ba.

Inda aka gwada a jikin mutane

Nasarar da ta fi fitowa fili ta zo ne daga matsalar da dashen ɓargo da kansa ke haifarwa. Wani lokaci fararen ƙwayoyin mai bayarwa sukan ɗauki jikin wanda aka dasa wa a matsayin baƙo, su far wa fatarsa da hantarsa da hanjinsa. A hanji, gindin rijiyoyin nan suke kai wa hari, wato su kashe maginan, sai majiyyaci ya riƙa zubar da lita-lita na gudawa a rana. Magungunan sitiroyid ne matakin farko, amma ba kowa suke yi wa aiki ba, kuma waɗanda suka ƙi ji da yawansu ba sa rayuwa. A 2004 Katarina Le Blanc ta Cibiyar Karolinska a Suwidin ta ruwaito labarin wani yaro ɗan shekara 9 da ke cikin wannan hali, aka ɗura masa ƙwayoyin madogara daga ɓargon mahaifiyarsa, gudawar ta lafa. Sai da aka yi shekara 20 ana gwaje-gwaje, wasu su yi kyau wasu su faɗi, kafin Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da maganin Ryoncil a watan Disamban 2024, domin yara masu wannan matsala kaɗai. A gwajin da aka dogara da shi, yara 54 aka yi wa, kimanin kashi 70 cikin 100 suka samu sauƙi cikin kwana 28. Ana ɗura shi sau 8 cikin mako 4, kuma kamfanin Mesoblast ya sa wa kowane ɗuri farashin dala 194,000.

Wuri na biyu shi ne wata cutar gado da ba a cika samu ba. Akwai jariran da tun watannin farko hanjinsu ke kumbura ya yi gyambo, saboda fararen ƙwayoyinsu ba sa jin saƙon sinadarin IL-10, wanda shi ke ce musu su tsagaita. Masana a Jamus da Ingila da Amurka suka bayyana dalilin a 2009, aka kuma dasa wa ɗaya daga cikin yaran ɓargon ɗan uwansa, hanjin ya warke. Kamar sikila, sai yaro ya gaji lahanin daga uwa da uba duka, shi ya sa aka fi ganinta a gidajen da ake auren zumunci. A nan ɓargo ne ke da laifi tun farko, don haka sauya shi ya magance matsalar.

Ga cutar Crohn kuwa, wadda ke kumbura hanji shekara da shekaru, labarin bai yi daɗi haka ba. Dabarar ita ce a ɗebi ƙwayoyin tushen jinin majiyyaci a ajiye, a rushe garkuwar jikinsa da magani mai ƙarfi, sannan a mayar masa da ƙwayoyin ko garkuwar za ta sake tasowa da sabon hali. Gwajin ASTIC, wanda Christopher Hawkey na Jami'ar Nottingham ya jagoranta a asibitoci 11 na Turai, ya fito a 2015 da majiyyata 45. Cikin 23 da aka yi wa dashen, 2 ne suka cika ma'aunin warkewa mai ɗorewa bayan shekara guda, a ɗaya ɓangaren kuma 1 cikin 22. Mutum guda ya rasu. Gaskiya ne ma'aunin ya yi tsauri, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa dashen gyambonsu ya ragu, wasu har suka ajiye magani. Wannan ya sa aka sake wani gwajin a Birtaniya da magani mai sauƙi-sauƙi, amma aka dakatar da shi tun bai yi nisa ba saboda munanan illoli da rasa rai.

An kuma gwada yin allurar ƙwayoyin madogara kai tsaye cikin ramin gyambon da cutar Crohn ke hudawa daga hanji zuwa gefen dubura. Wani ƙaramin gwaji a Leiden ta Holan, da ƙwayoyin ɓargo da majiyyata 21, ya ba da sakamako mai ƙarfafa gwiwa a 2015. Wani maganin mai suna Alofisel, wanda daga kitse ake samo ƙwayoyinsa, ya samu izinin Tarayyar Turai a 2018, amma gwaji na biyu mafi girma bai tabbatar da amfaninsa ba, aka janye shi daga kasuwar Turai a ƙarshen 2024.

Wasu masanan sun koma ga maginan da kansu. A 2022 ayarin Okamoto da Watanabe, mutanen nan da suka fara neman kiromosom Y shekara 20 da suka wuce, suka ɗebi lafiyayyar fatar hanjin wani mai gyambon babban hanji, suka raine ta a kwano, suka mayar da ita kan gyambon ta na'urar leƙa hanji. Wannan ne karon farko da aka yi haka a jikin mutum, kuma har yanzu a matakin gwaji yake.

Halin da ake ciki a Nijeriya

Dashen ɓargo ya iso ƙasar nan ta ƙofar sikila. A 2011 Dokta Nosakhare Bazuaye da ayarinsa suka yi na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, tare da Gidauniyar Sikila ta Nijeriya, ya yi wa majiyyatansa na farko. Ga ƙasar da aka ƙiyasta ana haihuwar jarirai masu sikila kimanin 150,000 a shekara, wannan aiki zai ci gaba da faɗaɗa, kuma ta nan ne batun hanji zai fi shafar iyalai. Duk wanda ke shirin kai ɗansa dashe, a gida ko a Indiya, ya kamata ya tambayi likitoci yadda suke kare hanji daga harin ƙwayoyin mai bayarwa, da abin da suka tanada idan sitiroyid ya gaza. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ce ta tsara ɗiba da amfani da jini da sassan jikin mutum.

Game da garin da ake sayarwa, ƙwayar halitta mai rai ba ta jure a busar da ita a niƙa, ta kwana a shago cikin zafin watan Maris, sannan ta ratsa ruwan tumbi mai tsami. Waɗanda ake amfani da su a asibiti cikin sanyin da ya haura digiri 130 ƙasa da sifili ake ajiye su. Yawancin irin wannan gari daga 'ya'yan itatuwa ake yin sa, kuma ƙwayar tuffa ko inabi ba ta zama ƙwayar mutum. Lambar NAFDAC a jikin kayan ganye ko na ƙarin abinci ba shaida ba ce cewa yana warkar da cututtukan da mai talla ya lissafa.

Babbar asarar ma ba kuɗin ba ne, lokacin ne. Yawancin abin da ke zaizaye fatar hanji a ƙasar nan yana da magani sananne mai araha. Atunin amiba na jin metronidazol. Tsargiyar hanji, wadda ƙwayayenta ke maƙalewa a bangon babban hanjin masu shiga rafi da madatsun ruwa, na jin firazikwantel. Ga yara masu gudawa, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF tun 2004 suka ba da shawarar ruwan gishiri da sukari haɗe da sinadarin zinki na kwana 10 zuwa 14. Da zarar an kawar da sanadin, rijiyoyin kan rufe raunin da kansu. Abincinsu ma daga kwanon gida yake fitowa: bakteriyar hanji na sarrafa harzar wake da gero da dawa da ganyaye su fitar da wani sinadari mai suna butiret, wanda shi ne babban makamashin ƙwayoyin fatar babban hanji.

Akwai kuma wanda jinin da yake gani ba atuni ba ne, ba kuma basir ba ne, ko da yake da sunan basir aka fi shan magani. Jini a bayan gida da ya wuce 'yan makonni, ko yake tafe da rama, ko ƙarancin jini, ko sauyin yadda mutum ya saba fita bayan gida, musamman ga wanda ya haura shekara 40, na iya zama kumburin hanji mai daɗewa ko kansar hanji. Mazaunin Kubwa zai iya farawa da gwajin bayan gida da na jini a Babban Asibitin Kubwa. Idan magani bai tsayar da jinin ba, mataki na gaba shi ne a tura shi wurin ƙwararren likitan ciki, kamar a Asibitin Ƙasa da ke tsakiyar Abuja ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, a leƙa hanjin da na'urar kolonoskofi, a ɗan tsinko nama a duba da madubin likita.